Ranar da Malamai Suka Ajiye Alli: Kalifoniya daga 2009 zuwa 2012



Duk wanda ya taɓa karatu a jami'ar gwamnati a Amurka ya san takardar nan da ake aiko mana a farkon kowane zango, mai ɗauke da lissafin abin da ake bin mu. A tawa akwai manyan layuka biyu. Na farko kuɗin karatu ne da kowa ke biya, na biyu kuma ƙarin da ake ɗora wa wanda ba ɗan jiha ba, kuma shi ya fi nauyi. A shekarata ta farko ban tambayi kowa dalili ba, domin na ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Sai wata rana ina ƙorafi a ofishin malamar da ke duba aikin bincikena, ta ce in har ina son in gane layi na biyun nan, in je in karanta abin da ya faru a Jami'ar Kalifoniya daga 2009 zuwa 2012. Na bi shawararta, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin shi ne rawar da malamai suka taka, domin ɗalibi ya yi zanga-zanga ba labari ba ne, amma malami ya ajiye alli ya bi bayan ɗalibansa, wannan kam ruwa ba ya tsami banza.

Alkawarin 1960

Jami'ar Kalifoniya jami'a ce ta gwamnatin jiha mai rassa goma, cikinsu har da Berkeley da Los Angeles da Davis da Santa Cruz. A 1960, zamanin Gwamna Pat Brown da shugaban jami'ar Clark Kerr, jihar ta tsara wani babban shiri na ilimi mai zurfi wanda ya kasa makarantun gaba da sakandare gida uku. Ɗaya cikin takwas na waɗanda suka fi ƙwazo a sakandare za su samu gurbi a Jami'ar Kalifoniya, ɗaya cikin uku a kwalejojin jiha, sauran kuma ƙofar kwalejojin unguwa a buɗe take gare su. Ginshiƙin shirin shi ne ɗan jiha ba zai biya kuɗin koyarwa ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba na asibiti da wasanni da makamantansu. Haraji ne zai ɗauki nauyin karatun, bisa hujjar cewa likita da injiniya da malamin da aka yaye jama'a gaba ɗaya za su amfana da su.

Al'adar malamai su tsaya wa ɗalibai ma ta samo asali tun wancan lokaci. A watan Disamba na 1964 'yan sanda suka kama ɗalibai kusan 800 da suka zauna dirshan a ginin mulki na Berkeley suna neman a bar su su yi harkar siyasa a harabar makaranta. Wasu malamai suka haɗa kuɗin beli, sannan ranar 8 ga watan majalisar malaman reshen ta kaɗa ƙuri'a, 824 suka goyi bayan buƙatun ɗaliban, 115 suka ƙi. Wannan ƙuri'a ita ta karya lagon hukumar makaranta. Amma ta jawo wani abu dabam. Ronald Reagan ya yi yaƙin neman gwamna a 1966 da alkawarin ladabtar da Berkeley, ya ci zaɓe, kuma a watan Janairu na 1967 hukumar amintattun jami'ar ta sallami Clark Kerr. Reagan ya nemi a sa kuɗin karatu, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe a 1970 aka shigo da wani kuɗi da aka laƙaba wa wani suna dabam don kada a ce an saɓa alkawarin 1960. A 1978 kuma masu zaɓe a jihar suka amince da wata doka mai lamba 13, wadda ta rage harajin gidaje da filaye, ta kuma wajabta cewa sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jiha sun yarda kafin a ƙara haraji. Daga nan duk lokacin da tattalin arziki ya yi rauni, jami'a na cikin waɗanda ake fara yanke wa kaso, ita kuma ta juya ta cike giɓin daga aljihun ɗalibi.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan, domin idan muka ji an ce an mayar da abu hannun 'yan kasuwa, hankalinmu kan tafi ga kamfanin gwamnati da aka yi gwanjonsa. A nan babu wanda ya sayi Berkeley. Sunan na gwamnati ne, gine-ginen na gwamnati ne, amma nauyin ya riƙa zamewa sannu a hankali daga kan mai biyan haraji zuwa kan ɗalibi da iyayensa, su kuma suka koma cin bashi. A 2010 bashin karatu da ke kan Amurkawa ya zarce bashin katin banki, a 2012 kuma ya haura dala tiriliyan 1.

Shekarar 2009

Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008, gwamnatin Kalifoniya ƙarƙashin Arnold Schwarzenegger ta zabtare wa jami'ar sama da dala miliyan 800 cikin shekara biyu. A watan Yuli na 2009 hukumar amintattu ta ba shugaban jami'ar, Mark Yudof, ikon gaggawa, aka kuma ƙaƙaba wa malamai da ma'aikata hutun dole ba albashi, wanda ya rage musu kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari na albashinsu. Majalisar malamai ta nemi a bari wasu daga cikin ranakun hutun su faɗo a ranakun koyarwa, don jama'ar jiha su ga cewa yanke kuɗin ilimi yana da sakamako. Ofishin shugaban ya ƙi. Ma'ana a rage maka albashi, amma ka shiga aji kamar babu abin da ya faru.

Wannan ne ya sa wasu malamai suka fitar da kira cewa a ƙaurace wa azuzuwa ranar 24 ga Satumba, ranar da mafi yawan rassan ke buɗe sabon zango. Malamai sama da dubu suka sa hannu. Abin sha'awa a cikin buƙatunsu shi ne ba su tsaya ga kansu ba. Sun nemi kada a taɓa albashin duk ma'aikacin da ke karɓar ƙasa da dala 40,000 a shekara, sun nemi a mutunta shawarar majalisarsu, sun kuma nemi a buɗe littafin kuɗin jami'a kowa ya gani. Ƙungiyoyin ɗalibai suka mara musu baya, wata ƙungiyar ma'aikatan bincike da fasaha ta sa yajin aikinta a ranar. A jajibirin ranar an yi taron wayar da kai a Berkeley inda manyan malamai irin su Wendy Brown suka yi wa ɗalibai bayanin abin da ake nufi da mayar da jami'a kamar kamfani. Washegari mutane kusan 5,000 suka cika dandalin Sproul, wurin da aka yi gwagwarmayar 1964.

A ganina gudummawa mafi girma da malamai suka bayar a wannan shekara ta ilimi ce. A watan Oktoba Farfesa Robert Meister na reshen Santa Cruz, wanda ke shugabantar gamayyar ƙungiyoyin malaman jami'ar, ya rubuta wa ɗalibai buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ya bi takardun lamunin da jami'ar ke sayarwa a kasuwar kuɗi don gina sababbin gine-gine, ya nuna cewa kuɗin karatun ɗalibai na cikin kuɗaɗen shigar da aka jinginar wa masu ba da lamunin. Hujjarsa ita ce kuɗin da gwamnati ke bayarwa yana zuwa da sharaɗi, ba a jinginar da shi, amma na ɗalibi ana iya yi, saboda haka duk sanda jami'a ta nuna tana da ikon ƙara kuɗin karatu, darajarta a idon masu ba da bashi sai ta ƙaru. Hukumar jami'ar ta musanta cewa da kuɗin ɗalibai take biyan bashin gine-gine, kuma an daɗe ana muhawara a kai. Amma tambayar ta riga ta fita. Ɗalibin da a da iyakar kukansa shi ne kuɗi ya yi yawa, yanzu ya iya tambayar ina kuɗin ke zuwa, kuma wa ke cin ribar bashin da ya ci.

Duk da haka, ranar 19 ga Nuwamba hukumar amintattu ta zauna a reshen Los Angeles, ɗalibai na kewaye da ginin, ta amince da ƙarin kashi 32 cikin ɗari. Kuɗin shekara na ɗan jiha ya tashi daga dala 7,788 zuwa 10,302. Washegari da asuba ɗalibai kimanin 40 suka kulle kansu a bene na biyu na ginin Wheeler a Berkeley, kuma cikin buƙatunsu har da mayar da masu shara 38 da aka kora. Jama'a suka taru a waje cikin ruwan sama, 'yan sanda suka sa kulki, wasu suka ji rauni. Malamai ne suka riƙa kai da kawo tsakanin ɗaliban da hukuma har aka fito da su da yamma ba tare da an zubar da jini a cikin ginin ba. Wannan aikin shiga tsakani bai gamsar da kowa ba, domin wasu ɗaliban na ganin malaman sun zo ne su kwantar da tarzoma, su ceci hukuma daga kunya. Tun daga nan aka fara ganin cewa malami da ɗalibi suna iya tafiya hanya ɗaya ba tare da sun yarda da inda za a tsaya ba.

Hayaniyar ta kai kunnen gwamna. A jawabinsa na Janairun 2010 Schwarzenegger ya ce shekaru talatin da suka wuce jihar na kashe kashi 10 cikin ɗari na kasafinta a jami'o'i, kashi 3 a gidajen yari, amma yanzu gidajen yari sun kusa kashi 11, jami'o'i kuma kashi 7 da rabi. Ya ba da shawarar a gyara tsarin mulkin jiha don juya lissafin, sai dai hanyar da ya kawo ita ce a miƙa wani ɓangare na aikin gidajen yari ga 'yan kasuwa. Shawarar ba ta je ko'ina ba.

Kulki da barkono

A 2011 aka sake yanke kason jami'ar, kuɗin ɗan jiha ya kai dala 12,192, kuma a karon farko a tarihi abin da jami'ar ke samu daga ɗalibai ya wuce abin da gwamnatin jiha ke ba ta. Aka kuma fara maganar wani shiri da zai iya ƙara kashi 16 cikin ɗari kowace shekara har shekara huɗu. Ranar 9 ga Nuwamba ɗalibai suka kafa tantuna a gaban ginin mulki na Berkeley, suka saƙala hannuwa suka kewaye su, malamai na cikin sahu. 'Yan sanda suka fizgo Farfesa Celeste Langan ta sashen Turanci da gashin kanta suka kayar da ita suka kama ta. Robert Hass, dattijo mai shekara saba'in wanda ya taɓa riƙe sarautar babban mawaƙin Amurka, ya sha zungurin kulki a haƙarƙari, ya kuma ba da labarin a jaridar New York Times. Shugaban reshen ya fitar da saƙo yana cewa saƙala hannuwa ba ya cikin zanga-zangar lumana. A ƙarshen watan majalisar malaman Berkeley ta yi tir da abin da aka yi da gagarumin rinjaye.

Kwana tara bayan haka, ranar 18 ga Nuwamba, wani jami'in 'yan sandan jami'a a Davis mai suna John Pike ya bi sahun ɗalibai da ke zaune a ƙasa yana fesa musu ruwan barkono a fuska, kamar mai feshin gona. Hoton ya zagaya duniya. Wani ƙaramin malami a sashen Turanci, Nathan Brown, ya rubuta wa shugabar reshen, Linda Katehi, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana neman ta yi murabus. A tsarin Amurka malami yakan yi shekara shida ko bakwai yana aikin gwaji kafin a tabbatar masa da kujera ta dindindin, kuma Brown bai kai ga samun tasa ba a lokacin, wato ya yi wa wadda ke saman masu yanke hukunci a kan makomarsa magana a bainar jama'a. A farkon 2012 kuma wasu ɗalibai suka riƙa zama a ƙofar wani reshen banki da ke cikin harabar Davis, don nuna adawa da cinikin bashi a cikin makaranta, har bankin ya rufe reshen. Aka gurfanar da mutum 12 a kotu, ɗalibai 11 da farfesa guda, Joshua Clover.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk malaman haka suke. A watan Fabrairu na 2012 aka kawo ƙudurin rashin amincewa da Katehi gaban majalisar malaman Davis, kuma mafi yawansu suka ƙi shi. Ta ci gaba da mulki har 2016, lokacin da wasu batutuwa dabam suka sa ta sauka. Akwai malaman da ɗakunan bincikensu ke tafiya da kuɗin gwamnatin tarayya ko na kamfanoni, waɗanda yanke kason jiha bai taɓa su sosai ba, akwai kuma masu koyarwa a kan kwantiragi waɗanda in sun buɗe baki ba za a sabunta musu takarda ba. Waɗanda suka fito fili ba su ne masu yawa ba. Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Cruz Reynoso ya ɗora laifin feshin a kan hukumar reshen da 'yan sandanta, jami'ar kuma ta biya diyyar kusan dala miliyan 1, ɗalibai 21 kowanne ya samu 30,000.

'Yan'uwa da suka fito daga Nijeriya za su tuna da irin wannan a 1978, lokacin zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya, Ahmadu Ali, bayan an ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ta kuma kori wasu malamai a Ibadan da Legas bisa zargin su suka zuga yara. Farashin da aka biya a can ya fi na Kalifoniya tsada nesa ba kusa ba, amma zargin iri ɗaya ne, kuma duk hukumar da ke yin sa ta san cewa kukan ɗalibi yana ƙara nauyi idan wanda ya san lissafi ya gaskata shi.

Wa ya biya?

A watan Nuwamba na 2012 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da doka mai lamba 30 wadda Gwamna Jerry Brown, ɗan Pat Brown na 1960, ya kawo. Ta ƙara haraji a kan masu samun sama da dala 250,000 a shekara, ta ɗan ƙara harajin saye da sayarwa. Da ta faɗi, da an sake yanke wa jami'ar dala miliyan 250. Ɗalibai da ƙungiyoyin malamai sun yi aiki sosai wajen yi wa matasa rajistar zaɓe. Bayan haka kuɗin karatun ɗan jiha bai ƙaru ba sai a 2017. Wannan nasara ce, ba na raina ta. Amma ba a janye ƙarin kashi 32 ba, ba a kuma koma ga alkawarin 1960 ba.

A nan ne na gano asalin layi na biyu da ke takardata. Da aka hana jami'ar ƙara wa 'yan jiha kuɗi, gwamnati kuma ba ta mayar da abin da ta yanke gaba ɗaya ba, sai ta juya ga waɗanda ba su da ƙuri'a a jihar. A wancan lokaci ɗalibin da ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa yana biyan ƙarin kusan dala 23,000 a kan abin da ɗan jiha ke biya. Rahoton mai binciken kuɗi na jihar a 2016 ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2015 yawan irin waɗannan ɗalibai ya ƙaru da kashi 82 cikin ɗari, na 'yan jiha kuwa ya ɗan ragu. Iyaye suka yi ca, suna cewa baƙi sun cinye guraben 'ya'yansu, har a 2017 hukumar amintattu ta sa iyaka, kashi 18 cikin ɗari a mafi yawan rassan. Jami'o'in gwamnati da dama a wasu jihohi, har da Ingila da Ostareliya, sun bi irin wannan hanya. Mu ne muke cike giɓin, mu ne kuma ake nuna wa yatsa. Ga shi ɗalibi baƙo ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, bizarsa ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu, don haka bashinsa yakan koma gida, ga gonar da aka sayar ko ɗan'uwan da aka ranta a wurinsa.

Ba ina kiran kowa ya je ya kulle kansa a gini ba ne. Abin da ɗan ƙasa zai yi a sallame shi da yamma, baƙo zai iya rasa bizarsa a kai, kuma a 2025 mun ga yadda aka soke bizar ɗalibai baƙi da dama a Amurka. Amma akwai abubuwan da doka ba ta hana mu ba. Kasafin jami'ar gwamnati takarda ce da kowa ke da ikon karantawa, kuma yawancin zaman hukumar amintattu a buɗe ake yin sa. Ƙungiyar ƙwadago ta ɗalibai masu taimaka wa koyarwa da bincike tana karɓar baƙi, kuma a yajin aikin 2022, lokacin da irin waɗannan ma'aikata kimanin 48,000 suka tsayar da aiki a duk rassan Jami'ar Kalifoniya na kusan mako shida suka samu ƙarin albashi, baƙi da yawa na cikinsu, wasu malamai kuma sun ƙi miƙa sakamakon jarrabawa don mara musu baya.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce a taronmu na gaba kowa ya zo da takardar kuɗinsa ta shekara uku da suka wuce, mu jera su mu ga yadda layi na biyu ke hawa a makarantu daban-daban, sannan mu nemi malami ɗaya a kowace makaranta wanda ya san littafin kuɗinta ya zauna da mu. Da yawa cikinmu kuma gobe za su koma gida su riƙe alli, wasu har kujerar shugabancin jami'a, a daidai lokacin da maganar ƙarin kuɗin makaranta da rancen ɗalibai ta isa ƙasashenmu. Ranar da ɗalibai za su taru a ƙofar ofis suna tambayar ina kuɗinsu ke zuwa, ina fata za a samu a cikinmu wanda zai buɗe musu littafin.

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, ya mayar da mu gida lafiya.